Layar Mudassir

Yayana Rakan ne ya tayar da maganar, kwana biyar bayan matarsa Dalal ta haifi ɗa namiji. Ya shiga ɗakin mai jego ya tarar da Sitti Saudatu, ƙanwar kakanmu, tana ɗaura laya a jikin gadon jaririn.

Tsohuwar laya ce, ba ta fi tafin hannu ba, fatar ta yi baƙi ta yi sheƙi. Duk wanda aka haifa a gidanmu na unguwar Rusaifa a Makka ya yi kwana arba'in da ita a kansa, har da ni, har da shi Rakan ɗin. Layar Mudassir ake ce mata. Mudassir shi ne mahaifin kakanmu, wanda ya baro Sakkwato yana yaro, a bayan iyayensa, shekarar da Nasara suka ci garin, ya iso Makka da gemu.

Rakan ya kwance ta ya ajiye a kan tebur. Da Larabci ya yi magana, don Hausarsa ba ta ɗaukar faɗa.

"Ba za a rataya wa ɗana abin da ban san cikinsa ba. Ran suna zan farke ta a gaban kowa. In Alƙur'ani ne mu gani, in wani abu ne kuma, wuta."

"Kai da kac ci albarkatta har ka yi tumbi?" in ji Sitti Saudatu. Ta mayar da ita inda take, ta ƙulle igiyar sau biyu.

Na san ba layar kaɗai ke cin Rakan ba. A gidanmu babba ke raɗa wa yaro suna, babba kuwa shi ne kakanmu, Sidi Yunus. Rakan ya roƙe shi a sa wa yaron Mudassir. Sidi ya ce Abdulilah. Wannan ne karo na biyar da aka roƙe shi sunan nan a cikin 'ya'ya da jikoki, karo na biyar da ya hana, kuma bai taɓa faɗin dalili ba. Muna da Yunus uku a gidan, Saudatu biyu. Mudassir babu ko ɗaya.

Washegari bayan la'asar, ana gobe suna, Sidi ya aika a kira ni. Na same shi a ɗakinsa na sama, zaune a ƙasa ya jingina da gado. Shekararsa tamanin da shida. Layar tana kan cinyarsa, shi da kansa ya sauka ya kwance ta lokacin da mata suke kicin. Gefensa tsohuwar wuƙarsa ce ta tsire, wadda ya yi shekara arba'in yana yanka nama da ita wa mahajjata, wasawa ya sirantar da ita kamar ganyen dabino.

"Amarya, rufe ƙofa."

"Tsoho, in sakina za ka yi, bari a buɗe a samu shaidu."

Kullum yana da amsar wannan. Ran nan bai ba da ita ba. Na rufe ƙofar.

"Shekara nawa kinka yi ƙasar Taliyan?"

Haka tsofaffin Makka suke kiran Italiyawa. Na ce shida.

"Kin iya karatunsu, ko ruwa kawai kinka koyo tacewa?"

"Na iya."

"Na hannu ma? Na da?"

"Sai na gani."

Ya daɗe yana juya layar. Sannan ya ba ni labarin, a gajarce, idonsa a kan bango.

Shekarar da aka haifi kawunmu na biyu, ɗinkin layar ya warware. Ya kai ta wa wani baduku a kasuwa, mutumin Masawa, can gabar Iritiriya, inda Mudassir ya hau jirgin ruwa ya tsallako. Baduku ya buɗe, ya warware tsumman da ke ciki, ya kwashe da dariya. Ya ce, ya Hajji, wannan ba addu'a ba ce. Bai iya karanta ta ba, amma ya san hatimin. Baffansa yana da irinta sak. Takardar askarawan Taliyan ce, baƙaƙen sojojin da suka kwasa daga Masawa suka kai Tarabulus, su yaƙi Musulmin can.

"Na ce mai shi ɗinke, kuma shi ɗinke bakinai. Shekara hamsin da huɗu ke nan."

"Ba ka nuna wa kowa ba?"

"Wa? In kai ma baƙo asirin ubana?"

"Shekarata uku da dawowa, ya Sidi."

"Na sani. Ina ƙirgawa." Ya shafa gemunsa. "Munka tashi ana ce muna, ku 'ya'yan masu hijira ne, iyayenku sun bar gida da gona don kada su kwana ƙarƙashin tutar Nasara. Da wanga muke ɗaga kai cikin Larabawa. Sai ga ubana da hatimin Nasara a wuya. Ga kuma yatsa."

Kowa a gidan ya san zancen yatsan. Mudassir ba shi da manuniyar hannun dama. In ya zauna tahiya, guntun yake ɗagawa. An ce raƙumi ne ya cije shi a hanya.

"Ni mai nama ne, Abir. Na san cizo, na san yankan ƙarfe. Tun ina yaro nike kallon hannun nan. Babu raƙumin da ka cizo tsaf haka. Da baduku yac ce Tarabulus sai nac ce, tau, ga inda yatsa yat tafi. Na yi mai umra ban san adadi ba. Amma suna? In ɗauki jinjiri in kira shi da sunan wanda wataƙila ya harbi mai salla?"

Ya ɗauki wuƙar.

"Gobe yayanki zai haska mata jawwal, wayar hannun nan tai, na'urar ta karanto mai gaban surukai da maƙwabta. Gara in ji daga bakinki, ƙofa rufe."

Hannunsa yana rawa in zai ɗauki kofin shayi. Da wuƙa ba ya rawa. Ya bi ɗinkin zare ɗaya-ɗaya, ya buɗe fatar, ya zaro tsumma, ya miƙo mini. A ciki takarda ce, ninki takwas, ta koma launin ƙasa. Na shimfiɗa ta a kan tiren shayi, ina danne kusurwoyin da 'yan kofuna. A sama hatimi ne mai kambin sarki. Rubutun inji, da guraben da aka cike da alƙalami. A ƙasa dangwalen babban yatsa. Kalmar farko da idona ya faɗa kanta ita ce Masawa, yadda su suke rubuta ta.

Na san rubutun kalmar nan fiye da yadda nake so. A Torino akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai wannan suna, a nan nake sauka kullum in na dawo daga jami'a. Akwai titin Tarabulus, akwai dandalin Bangazi. Shekara shida ina bin su, ban taɓa haɗa su da gidanmu ba. Tsohuwar da na yi haya a gidanta tana da hoton kakanta a falo, da hular kwano, a bayansa wani baƙin mutum yana riƙe da alfadari. Na taɓa tambayarta ko wane ne na bayan. Ta ce ai alfadarin ma an manta sunansa. Ta ƙara da cewa ai Italiyawa sun gina wa mutanen can titin jirgin ƙasa.

Lokacin da Italiya ta kama Masawa shekararta ashirin da huɗu da zama ƙasa ɗaya. Ko Rakan a yau ya fi haka shekaru. Jiya-jiya aka ɗinke ta, ta waiwaya ta ga manya sun gama watandar ƙasashen baƙar fata, sai ta ruga ta dafe abin da ya rage, gabar teku mai zafi da gishiri. Da ta ji daɗin wannan ta miƙa hannu ciki, aka fasa mata baki a tsaunukan Habasha, ta yi jinya, ta juya Tarabulus. Tana son yaƙi a sahara, ba ta son 'ya'yanta su mutu a can. Masawa kuwa cike take da matalauta, har da Takarir irinmu, mahajjatan ƙasar Hausa da guzuri ya ƙare musu, suna dako suna jiran kuɗin jirgi.

"Kin yi shiru," in ji Sidi. "Faɗi yadda take. Kada ki sa mata gishiri, kada ki rage."

"Baduku bai yi ƙarya ba. Ga sunansa, Mudassir ɗan Yusuf, Takaruri, shekara kamar ashirin. Askar ne. Ga lambarsa, ga rundunarsa."

Ya yi salati a hankali. Kafaɗunsa suka sauka. Ya miƙo hannu zai naɗe takardar.

"Ban gama ba."

"Mi ya rage?"

"Na alƙalami. Ka bar ni, hannun mutumin nan kamar tafiyar kiyashi."

Na kai tiren bakin taga. Ninkin ya ci wasu kalmomi, tawada ta bazu a wasu. A ƙasa ana jin ragon da Rakan ya sayo daga kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya yana tunkuyin ƙofar gareji. Na bi layin sau biyu kafin in buɗe baki, don ba na son in ba tsoho abin da zan dawo in karɓe.

"Ya yi shekara biyu yana dako a tashar jiragen ruwa. An ɗauke shi soja ran huɗu ga Janairu, 1912. An sallame shi ran ashirin da uku ga watan."

"Wane wata?"

"Shi dai wannan watan. Kwana goma sha tara."

Ya ɗago ido ya dube ni.

"Wannan ba takardar ɗauka ba ce, ya Sidi, ta kora ce. Sun rubuta cewa bai cancanci hawa jirgi da rundunar da za ta Tarabulus ba, saboda manuniyarsa ta dama ta guntule, ba zai iya harbi ba. Shi ya ce akwatin harsashi ne ya faɗo masa. Likita ya ce yankan wuƙa ne. Hafsan da ya sa hannu ya ce abin ya faru washegarin ranar da aka gaya wa rundunar inda za a kai ta, kuma yana da yaƙinin da gangan ya yi."

"Bai hau ba?"

"Bai hau ba."

"Bai ga Tarabulus ba?"

"Bisa wannan takarda, ko bakin jirgin bai taka ba."

"Maimaita."

Na maimaita. Ya ce in sake daga ranakun. Na sake. Ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa, na ɗauka kuka zai yi, na fara neman inda zan sa idona. Numfashi kawai ya sauke, mai tsawo, irin na wanda ya ajiye buhu.

"Mi sunka yi mai?"

"Bulala ashirin da biyar. Sun karɓe kaki. Sun kore shi daga ƙasar da ke hannunsu, a sa shi a jirgin farko mai zuwa gabar Larabawa, kada ya dawo."

Ya sauke hannun.

"Gabar Larabawa?"

"Haka suka rubuta."

"Horon ke nan?"

"Shi ke nan."

Dariya ta kama shi har da tari, sai da na miƙa masa ruwa. Mutum ya yi shekara tara yana tafiya wuri, a ƙasa, da yunwa, an binne masa uwa da uba a hanya, sannan a ce don a hore shi an tura shi can. Na karanta masa layin ƙarshe, inda hafsan ya ba na sama da shi shawara a daina ɗaukar Takarir, wai mutane ne da ba a iya riƙe su, ko me aka ba su hankalinsu yana ƙetaren teku.

"Wanga Bature ya san mu," in ji Sidi, yana share ido.

Ni ba na son rabin magana. Na ce, "Ka dai ji duka. Shekara biyu yana sauke musu kaya, wataƙila har da bindigogin. Ba wanda ya ce an kama shi da ƙarfi, ga dangwalensa nan. Kuma shi da bakinsa akwati ya ce. Yana yiwuwa akwatin ne."

"Dako yunwa ce, amarya. Ni ma na gasa ma azzalumai nama." Ya jawo tiren gabansa, ya dubi dangwalen ba tare da ya taɓa shi ba. "Gare su yac ce akwati. Gare mu yac ce raƙumi. Wanda akwati ya faɗa ma, akwati zai ta cewa har shi mutu. Likita yac ce wuƙa, ni ma wuƙa nac ce tun ban kai goma ba. Yau dai na yarda da shaidar Nasara."

Aka buga ƙofa da tafin hannu, ba sallama.

"Yaya! Buɗe! Wa yad ɗauke layar yaro?"

Sidi ya yi mini alama na buɗe. Sitti Saudatu ta shigo da ludayi a hannu, Rakan a bayanta, yana rantsuwa ba shi ba ne. Ta ga fatar a buɗe a kan darduma, ta ga wuƙa, ta dafe ƙirji.

"Zauna," in ji Sidi. "Kai ma, ustazu, zauna. Abir, daga farko."

Na karanta karo na huɗu, da Hausa, sannan a taƙaice da Larabci saboda Rakan. Ya ciro jawwal ɗinsa ya haska takardar, na'urar ta karanto na inji, ta rikice a na alƙalami. Ya mayar aljihu.

Sitti Saudatu ta ajiye ludayin.

"Wato babu ko bisimilla a ciki?"

"Babu, Sitti."

"Takardar kora munka yi ta rataya ma 'ya'yan mutane?"

"Da hatimin sarkin Italiya."

"Baba bai taɓa ce mata laya ba," ta faɗa, kamar mai tuno wa kanta. "Inna ce tag gan ta a wuyanai, tac ce ai ta tsari ce. Shi ko ka san shi, ba ya gyara ma mace zance." Ta juyo kan yayanta. "Kai kuma ka sani, kab bar ni ina sumbatar ta shekara hamsin?"

"Abin da naz zata ya fi wanga muni."

Ya gaya musu abin da ya zata, cikin jimla biyu. Rakan ya sunkuyar da kai. Sitti ta dubi yayanta, ta dubi fatar, ta ɗauke ta ta kaɗe.

"Tau, ni dai ta yi mini aiki. Duk wanda anka rataya ma ita, wanne anka kai yaƙi?"

"Ai an rataya wa Sami, kuma soja ne," in ji Rakan.

"Sami hatimi yake bugawa a ofis, ƙarƙashin mukayyif, sanyi na busa shi. Kada ka gaya mini."

"Ko ma mene ne, ba za a rataya ba."

"Wa yac ce a rataya? Riƙe gadonka." Ta cusa fatar a lalitarta. Har yau ban san abin da ta yi da ita ba.

Sidi ya goge wuƙar a gefen zanensa ya mayar kube. Ya kira Rakan da sunan da yake kiransa tun yana rarrafe.

"Ɓarawon tsire. Sunan da kar roƙa, kana so har yanzu?"

Rakan ya ɗago. "Ina so, ya Sidi."

"Ka ji dai, ya yi ma Taliyan dako."

"Na ji."

"Tau, je ka gaya ma matarka."

Dalal ta yi murna na minti ɗaya, sannan ta tuna da alewa. Ƙananan akwatuna ɗari biyu na rabon baƙi suna jere a falo, kowanne an manna masa takarda mai ruwan zinari, an rubuta Abdulilah. Mai shagon ya ce ba zai iya buga wasu kafin safe ba. Ni da ƙannenta biyu muka zauna muna ɓare su da farce har aka kira isha'i, Sitti Saudatu tana kanmu tana cewa a bar su, yaro ya tashi da suna biyu kamar kowa. Takardar kuwa na sa ta a leda mai kauri, na ajiye a aljihun tebur inda Sidi yake ajiye katin ɗan ƙasa.

Da safe aka yanka rago. Maza suka cika majalisa, mu muna bayan labule. Aka miƙa wa Sidi jaririn. Ya yi masa addu'a a kunne, sannan ya faɗi sunan da ƙarfi, yadda na ƙofar gida ma suka ji. Wani tsoho maƙwabcinmu ya ce ai an daɗe ana jiran wannan. Sidi ya ce takarda ce ta makara a hanya.

Kafin ya mayar da yaron sai ya buɗe masa dunƙulen hannun dama da ɗan yatsansa, ya duba, ya sake dubawa. Ya miƙa shi ta gefen labule wa Dalal.

"Cikakku ne. Ki kula da su."

Sannan ya tambaya wa aka bar wa gashin hanta, don bai yarda da hannun Rakan ba.